WAYA DA ISKA: TARIHIN SADARWA A ƘASAR DAURA DA ZAƁIN DA KE GABAN KARKARA

Gabatarwa

Idan mutumin Daura ya ce zai buga waya a yau, abin da yake nufi shi ne ya zaro ɗan akwati daga aljihunsa ya danna lambobi, alhali kuwa babu ko taƙin zare da ya haɗa shi da wanda yake kira. Ita kalmar waya aro ce daga Turanci, kuma asalin ma'anarta zaren ƙarfe. Daga gare ta Hausa ta sami gidan waya, da wayar tangaraho, da wayar tarho, sa'an nan da aka zo da na'urar da ba ta bukatar zare sai aka ce wayar iska, daga bisani kuma wayar salula. Watau harshe ya riƙe sunan, ko da yake abin da aka raɗa wa sunan ya ɓace daga ido.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi diddigin yadda waɗannan hanyoyi biyu, ta zare da ta iska, suka yi ta karɓar juna a Nijeriya ta Arewa tun farkon mulkin Turawa, domin a ga hasken da tarihi zai bayar game da tambayar da ke gaban hukumomi a yanzu: idan za a kai intanet mai sauri ƙauyukan ƙasar Daura, ta ƙarƙashin ƙasa za a bi, ko ta sararin sama? Amsar ta shafi ɗalibin da jarrabawarsa ta shiga jami'a ta koma kan kwamfuta tun 2015, ta shafi ma'aikacin da albashinsa ke biyowa ta banki, ta kuma shafi manomin da ya kai gero kasuwar Mai'aduwa yana jiran saƙon kuɗi ya shigo kafin ya saki buhu.

Kafin zuwan waya

Birnin Daura yana wajen kilomita 80 gabas da Katsina, da wajen kilomita 120 arewa da Kano, kan tsohuwar hanyar fatake mai zuwa Damagaram. A zamanin da, gudun labari shi ne gudun doki ko na ƙafar ɗan saƙo. Sarki yana da manzanni, masu riƙe da garuruwa suna zaune a birni, jakadunsu ke kai-da-kawowa tsakaninsu da ƙauyuka. A cikin gari kuwa sanƙira ke shela, tambari ke sanar da babban al'amari. Labarin farashi da na yaƙi da na fari ayarin fatake ke ɗauke da shi, ya iso bayan kwanaki, wani lokaci ya tarar abin da ake tsoro ya riga ya auku.

Bayan jihadi, sa'ad da Malam Isiyaku ya kama Daura a wajen 1805, sarakunan Haɓe suka fita, daga baya zuriyarsu ta zauna a Zango da Ɓaure. Turawa ne suka mayar da gidan Haɓe birni a farkon mulkinsu, suka ɗora Malam Musa. A yau masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar: Daura, Sandamu, Mai'aduwa, Zango da Ɓaure. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai jigawa, jama'arta a warwatse cikin ƙauyuka da unguwanni da rugage, kuma iyakar Jamhuriyar Nijar ta bi ta arewacinta. Wannan siffa ta ƙasa ita ce mabuɗin duk abin da zai biyo baya, domin kuɗin zare da tsawon hanya ake auna shi, kuɗin iska kuwa da faɗin da turke ɗaya zai iya rufewa.

Wayar tangaraho da hanyar mulki

A 1844 Samuel Morse ya aika saƙon tangaraho daga Washington zuwa Baltimore a Amurka. A 1886 wayar ƙarƙashin teku ta haɗa Ikko da Landan. Sa'ad da Lugga ya kafa mulkin Ingila a Arewa ranar 1 ga Janairu 1900 a Lokoja, shimfiɗa waya na cikin ayyukan da ya fi matsa wa lamba, saboda yana mulkin ƙasa mai faɗi da 'yan tsirarun ma'aikata da soja. Layin ya bi ta Jebba da Zungeru, bayan an ci Kano da Sakkwato a 1903 kuma aka yi ta miƙa shi zuwa manyan garuruwan larduna. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, waya ta bi gefen dogo, domin tashoshi ba sa iya sarrafa jirage sai da ita.

A nan akwai abin lura. Waya ta je inda Razdan yake, da inda dogo ya bi. Reshen dogo daga Zariya ya kai Ƙauran Namoda a 1929, wani reshen daga Kano ya kai Nguru a 1930, amma babu wanda ya bi ta Katsina ko Daura. Daura kuma ba ta taɓa zama hedikwatar lardi ba. Saboda haka ƙasar ta kasance a tsakanin manyan layuka biyu, ba a kan ko ɗaya ba, kuma abin da ya iso ta daga baya reshe ne mai biyan bukatar ofis da gidan waya. Talakan Sandamu ko Ɓaure ya ci gaba da aika saƙonsa ta bakin mai zuwa kasuwa, ko ya je wurin mai rubuta wasiƙa.

Ma'aikatan waya na wancan zamani sun sha fama da abubuwan da har yanzu ba su kau ba. Gara tana cin turakun itace, har aka koma kan na ƙarfe waɗanda 'yan dako ke ɗauka a ka. Gobarar daji da iskar farkon damina suna kayar da layi. Jan ƙarfe kuma kaya ne mai daraja a wurin maƙera, saboda haka sata ba ta yanke ba. Layi mai tsawon ɗaruruwan mil, idan ya tsinke a wuri guda, ya mutu gaba ɗaya har sai an bi shi a ƙafa an gano inda ɓarnar take.

Rediyo: karon farko tsakanin zare da iska

Mutane da yawa sun ɗauka rediyo tun farkonsa ta iska ya zo. A Nijeriya ba haka aka yi ba. A 1935 gwamnati ta buɗe tashar rarraba shirye-shirye a Ikko, wadda ke kama muryar BBC sa'an nan ta tura ta cikin zare zuwa akwatunan da aka kafa a gidajen masu biyan kuɗin haya. Irin wannan tasha ta zo Kano a 1944, sauran garuruwa irin su Kaduna da Zariya da Jos suka biyo baya. An kafa lasifikoki a wuraren taruwar jama'a, mutane suka riƙa cincirindo suna sauraro. Akwatin yana da araha, ba ya bukatar batir, kuma hukuma ta san abin da kowa ke ji, domin mai akwati ba shi da ikon juya shi zuwa wata tasha. Aibinsa guda ne: inda zare ya ƙare, nan murya ta ƙare, zaren kuwa bai wuce gari ba.

Abin da ya kai rediyo karkara shi ne gajeren zango da ƙaramin akwati mai batir. An kafa hukumar watsa labarai ta ƙasa a 1951, Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, gidan Rediyon Kaduna na gwamnatin Jihar Arewa kuma ya buɗe a 1962. Cikin 'yan shekaru rediyo ya shiga gona da ruga da zauren mai gari, makiyayi ya rataya shi a kafaɗa, ba tare da an haƙa rami ko an kafa turke a ƙauyensa ba. Rediyon zare ya mutu a hankali. Wannan shi ne karo na farko da iska ta yi wa talakan karkara abin da zare ya kasa yi masa, kuma sanadin bai wuce lissafi ba: tasha guda mai ƙarfi tana isa ga miliyoyi, ko suna kusa ko suna nesa, kuɗin bai canja ba.

Amma rediyo magana ce mai tafiya gefe guda. Mai sauraro yana ji, ba a jin sa. Domin ya mayar da magana sai ya rubuta wasiƙa ko katin zaɓe ya jefa a gidan waya.

Zamanin tarho

Lokacin da Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960, layukan tarho a ƙasar duka ba su kai 19,000 ba, ga jama'a wajen miliyan 40. Tarho kayan ofis ne da na manyan 'yan kasuwa. Gwamnatocin da suka biyo baya sun zuba kuɗi, musamman lokacin arzikin man fetur. An buɗe tashar tauraron ɗan Adam a Lanlate a 1971, an kafa turakun da ke harba saƙo daga wannan zuwa wancan tsakanin manyan birane, har ma an ƙulla kwangilar ɗaga manyan balan-balan a sama domin su riƙa isar da saƙo, aikin da aka kashe wa kuɗi aka kuma watsar. A 1985 aka haɗe sashen tarho na ma'aikatar gidan waya da kamfanin sadarwar ƙetare, aka kafa NITEL.

Duk da haka, a shekarar 2000 layukan da ke aiki ba su kai rabin miliyan ba, ga jama'a fiye da miliyan 100, yawancinsu kuma a Ikko da Abuja da manyan biranen jihohi. Mai neman layi yakan yi shekaru yana jira. Wanda ke son magana da ɗansa a Kurmi ko a Makka sai ya yi tafiya zuwa ofishin NITEL ya shiga layi. Jihar Katsina da aka ƙirƙiro a 1987 ta gaji wannan hali. Shekaru kusan ɗari bayan Lugga, taswirar waya ba ta sauya siffa ba: tana bin hedikwata.

An yi yunƙurin gyara. A farkon shekarun 2000 Gwamnatin Tarayya ta fara Shirin Tarho na Karkara da bashin dala miliyan 200 daga ƙasar Sin, da nufin kai layi ƙananan hukumomi fiye da 200 a matakin farko. An gina ɗakunan injuna, an kawo kaya, amma shirin bai kai ga yi wa jama'a aikin da aka yi alkawari ba, fasahar da aka zaɓa ta tsufa, gine-gine suka zama kufai. Darasin wannan shiri ya fi na kowane nasara amfani ga ma'aikacin gwamnati: sayen kaya abu ne mai sauƙi, amma sai an san wanda zai gudanar, da wanda zai gyara, da inda kuɗin gyaran zai fito.

Wayar salula

An kafa Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, a 1992. A watan Janairu 2001 ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane a kan dala miliyan 285, a watan Agusta kuma MTN da Econet suka fara aiki. Da fari layi ɗaya yana cin dubban nairori, kuma da minti ake lissafin kira, har Globacom ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, farashi ya fara sauka. A 2012 layukan salula masu aiki sun haura miliyan 100, a 2020 sun haura miliyan 200. Layukan tarho na zare kuwa suka ragu har ba su kai kashi 1 cikin 100 na jimla ba, NITEL kanta aka sayar da kadarorinta.

Abin da rediyo ya yi a shekarun 1960 shi salula ta maimaita, wannan karon da magana mai zuwa da dawowa. Ƙarfen sabis guda a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Daura, inda babu duwatsu ko kurmi masu tare saƙo, yana rufe ƙauyuka da dama. Dillalin dabbobi a Mai'aduwa ya san farashin Kudu kafin ya loda mota. Ɗan ci-rani ya aiko da kuɗi ba tare da ya damƙa wa direba ba. A bakin iyaka, wajen Kwangwalam, ba abin mamaki ba ne a ga mutum da layin Nijeriya da na Nijar a waya guda, domin iska ba ta san shingen kwastan ba.

Dawowar zare

Da wannan nasara, da yawa sun ɗauka zancen zare ya ƙare. Intanet ce ta dawo da shi. Murya abu ce mara nauyi, amma hoto mai motsi, da darasi daga nesa, da bayanan asibiti da na banki, kaya ne masu nauyi ƙwarai. Zaren da ya dawo kuma na gilashi ne, siriri kamar gashi, wanda haske ke gudu a cikinsa, ma'aikata na kiran sa faiba. Charles Kao ya nuna yiwuwarsa a 1966, aka ƙera na farko mai amfani a 1970. Abin da yake ɗauka ya ninka na jan ƙarfe da na iska nesa ba kusa ba, kuma idan bukata ta ƙaru, injunan da ke bakinsa biyu ake sauyawa, shi zaren yana nan a binne.

Mai riƙe da salula bai cika sanin cewa saƙonsa 'yar tafiya kaɗan yake yi a iska ba. Daga hannunsa zuwa ƙarfen sabis ne kawai. Daga nan sai ya bi zaren gilashi, ko ya yi tsalle daga turke zuwa turke har ya sami zare, ya gangara Ikko, ya shiga teku. Wayoyin teku na MainOne da Glo-1 sun fara aiki a 2010, WACS a 2012, Equiano kuma ta iso a 2022. Ranar 14 ga Maris 2024 wasu daga cikin wayoyin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, sai ga bankuna da masu salula har cikin Arewa sun ji a jikinsu. Ke nan ƙarfen sabis da ba shi da zare mai ƙarfi a bayansa kamar famfo ne da aka haɗa da siririn bututu: yawan masu ɗiba, raguwar abin da kowa ke samu.

Hukuma ta gane haka. Shirin ƙasa na 2013 zuwa 2018 ya sa burin kashi 30 cikin 100, na 2020 zuwa 2025 ya sa kashi 70, da saurin megabit 25 a birni da 10 a karkara, wa'adin kuma ya cika ba a kai kashi 70 ba. Ɗaya daga cikin manyan cikas shi ne kuɗin izinin haƙa da jihohi ke karɓa. An amince da naira 145 kan kowace mita tun 2013, amma jihohi da yawa suka ci gaba da karɓar dubbai. A 2020 Katsina na cikin waɗanda suka sauko kan 145. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta amince da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 a kan wajen 35,000 da ake da su, ta kuma sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa, saboda yawan tsinke zare da masu aikin hanya da ɓarayi ke yi. Matsalar ma'aikatan Lugga ce ta dawo da sabuwar riga.

Ita ma iska ba ta tsaya ba. An yi gwanjon lasisin 5G a Disamba 2021, aka fara aiki da shi a 2022, sai dai zangon da yake amfani da shi ba ya tafiya nesa, don haka a birane ya fi zama. A Janairu 2023 Starlink ya fara aiki a Nijeriya, ƙasa ta farko a Afirka, yana sauko da intanet daga taurari kai tsaye zuwa ɗan faifai a kan rufi. Yana isa ko'ina, amma kuɗin kayan da na wata-wata sun fi ƙarfin gidan manomi, sai dai makaranta ko asibiti ko ƙungiya.

Auna hanyoyin biyu a ƙasar Daura

Iska tana da sauri wajen kafawa, tana da araha inda jama'a ke warwatse, kuma na'urar karɓarta tana aljihun mutane tun tuni. Nauyinta yana wajen gudanarwa: kowane turke yana bukatar wuta dare da rana, inda lantarki ba ya zama kuwa sai janareta da man dizal, ko faifan hasken rana da batura, da mai gadi. Kamfani yana duba abin da ƙauye zai saya na kati, idan bai biya mai ba, ba zai kafa ba. Domin cike wannan giɓi ne dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusu na musamman don wuraren da kasuwa ba ta kai ba.

Zare kuwa nauyinsa yana farko, wajen haƙa da binnewa, amma yana shekaru da dama yana aiki. Ja shi zuwa kowane gida a ƙauyen da gidajensa ke nesa da juna abu ne da ko ƙasashe masu arziki sun sassauta a kai. Ostareliya ta tsara kai zare ga kashi 93 cikin 100 na gidaje, sauran ta bar wa iska da tauraro, a 2013 kuma sabuwar gwamnati ta rage ko wannan saboda tsada. Indiya tun 2011 ta ɗauki wata hanya: ta kai zare majalisun ƙauyuka wajen 250,000, daga nan iska ta ƙarasa.

Akwai kuma batun tsaro. A Satumba 2021 aka rufe sabis a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, daga Jibiya zuwa Funtuwa, har zuwa ƙarshen shekara. Rufewar ba ta haɗa da ƙasar Daura ba, amma abin da ya sami waɗancan garuruwa ishara ne. Ciniki ya tsaya, masu POS suka rufe, mutane suka riƙa tafiya wani gari don su kira 'yan'uwa. Turke ba ya bambanta ɗan bindiga da ma'aikacin jinya. Idan an kashe shi kowa ya mutu. Layin zare da ya shiga asibiti ko banki ko sakatariya kuwa an san inda ya nufa, ana iya barin sa yana aiki. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya sake nuna yadda cin abincin mutum ke iya rataya a kan sabis.

Wani sabon al'amari ya zo wa Daura wanda ba ta samu ba a zamanin Turawa. A Fabrairu 2021 aka ƙaddamar da aikin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya. Dogo na zamani yana tafiya da zaren gilashi domin sarrafa jirage, kamar yadda na 1911 ya tafi da tangaraho. Ga kuma Jami'ar Sufuri ta Tarayya da Kwalejin Fasaha ta Tarayya a garin, waɗanda bukatarsu ta wuce abin da ƙarfen sabis zai ɗauka. Idan aka tanadi bututu mai wadata tun ana aikin hanya da dogo, an huta da haƙa sau biyu.

Kammalawa

Abin da tarihin shekaru fiye da 120 ya nuna shi ne, zare yakan bi mulki da kasuwa ya tsaya a gari, iska ce ke kai wa talaka, amma ita ma iskar a kan zare take tsaye. Saboda haka tambayar da ta dace mai tsara aiki ya yi ita ce: a ina zare zai tsaya, iska ta karɓa? Ga ƙasar Daura, hankali ya fi kwanciya da a kai zaren gilashi hedikwatar ƙananan hukumomi biyar, da manyan makarantu da asibitoci da kasuwanni, ta hanyoyi biyu daban domin idan ɗaya ta tsinke ɗaya ta riƙe. A haɗa turakun sabis da shi, a ba su wutar hasken rana, a yi amfani da zangon da ke tafiya nesa. A bar tauraro ga wuraren da suka yi nisa ƙwarai.

Sa'an nan a rubuta kuɗin gyara cikin kasafi tun ranar farko, a horar da 'yan ƙasa masu haɗa zare da kula da batura, a kuma sanar da hakimai da dagatai inda layi ya bi, domin su ne suka san wanda ke haƙa a ƙasarsu. Kufan Shirin Tarho na Karkara suna nan a ƙananan hukumomi da dama ga mai son ganin abin da ke faruwa idan an manta da wannan.